Ajin Baba Mai Ɗaliba Ɗaya

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau ma bai gane ni ba. Na kai masa shayi, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, baiwar Allah." Shekara arba'in da ɗaya ina 'yarsa, yau na koma baiwar Allah. Na yi masa tambayar da nake yi kullum: "Baba, wace ce ni?" Sai ya yi murmushi irin na wanda aka tare a hanya ana neman kwatance.

Likita ta ce ciwon mantuwa ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Yaya ya kira daga wurin aikinsa ya ce in yi haƙuri. Faɗa da baki ai ba wuya.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na fito da tsohon baƙin allonsa daga ɗakin ajiya, ba don komai ba sai don in sami wurin sa keken ɗinkina. Na jingina shi a falo. Mutumin da sai an ɗaga shi daga kujera, yana ganin allon ya miƙe da kansa ya ce a ba shi alli.

Shekara talatin da uku ya yi yana koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Duk cikin 'ya'yansa ni ce na ba shi kunya, na faɗi jarrabawa sau biyu na gudu wurin ɗinki. Yau ga ni a kan tabarma a gabansa.

"Ke, ta baya can. Kama nawa ruwa yake sauyawa?"

Na ce uku: ƙanƙara, ruwa, tururi.

"Daidai. Zauna."

Shi ke nan. Ya ajiye allin, ya koma kallon bango.

Talata, 11 ga Fabrairu

Dole in rubuta wannan.

Kullum ƙarfe takwas yanzu akwai aji. Yau ya sa na kawo batir da ƙwan tocila da wayar wuta, ya ce in kunna. Wallahi mantawa na yi. Na ɗaura waya ɗaya daga kan batir zuwa ƙwan, na zauna ina jira kamar sakara.

Sai ji na yi ya buga allo.

"Kunnen Ƙashi! Sau nawa zan faɗa miki? Wuta ba ta fita sai ta ga hanyar komawa gida. Ina waya ta biyu?"

Kunnen Ƙashi. Tun ina shekara shida yake kirana haka, kuma duk duniya ba mai kirana da shi sai shi. Rabon da in ji sunan nan wata bakwai. Ya kama hannuna ya haɗa wayar da gindin batir, ƙwan ya kama. Ya yi minti goma yana yi mini faɗa, har da cewa halin uwata na ɗauko. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba. Na shiga kicin na yi kuka na more.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na gano bakin zaren. In na ba da amsa daidai, ni ɗaliba ce cikin dubu. In na yi kuskure, ni 'yarsa ce.

Da yamma muna zaune a baranda, Zara ta fito a sararin sama kusa da inda rana ta faɗi. Ya tambaye ni mece ce. Da gangan na ce tauraruwa ce mai wutar kanta. Ya riƙe baki. "Kunnen Ƙashi, duniya ce kamar tamu! Hasken rana take aro, ba ta da na kanta ko na ashana." Allah Ya yafe mini ƙaryar nan.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Yanzu sai na yi bitar littafinsa kafin aji, don in san daidai in kauce mata. Abin dariya. Karatun da bulala ba ta sa ni yi ba.

Shekaranjiya ya sa na zuba gishiri a kofin ruwa na juya. Na ce ya ɓace. Ya sa na juye a faranti na ajiye a taga inda rana ke bugawa. Yau ruwan ya ƙafe, ga farin gishiri kwance. Ya dangwala ya sa mini a harshe ya ce, "Abin da ya narke bai ɓace ba, idonki ne bai kai ba."

Na so in tambayi likita ko haka abin yake a kan mutum. Ban tambaya ba, na san amsar.

Lahadi, 9 ga Maris

Yaya ya zo. Ya tarar ina cewa ciyawa ce ke cin fara, fara ta ci kwaɗo, kwaɗo ya haɗiye maciji. Baba na ta kumfar baki yana jero mini su daga rana zuwa ganye har zuwa shaho. Yaya ya ja ni waje ya ce na mai da tsoho abin wasa. Raina ya ɓaci, na ce to bismilla, ga tabarma.

Ya zauna, injiniya guda. Baba ya tambaye shi wace iska ganye yake fitarwa da rana. Na ƙyafta masa ido, na taka masa ƙafa. Ina! Bakinsa bai iya kuskure ba, ya ce wadda muke shaƙa mu rayu.

"Daidai. Zauna."

Yaya ya tafi da la'asar idonsa jawur. Na ji tausayinsa, kuma, Allah Ya gani, na ɗan ji daɗi. Sau ɗaya dai daƙiƙanci ya yi mini rana.

Laraba, 26 ga Maris

Faɗan yana gajarta. Yau minti biyu. Ya fara "Kunnen..." ya tsaya yana laluben sauran.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ƙananan kurakurai sun daina tashinsa, sai manya. Yau na ɗauko mafi girma da nake da shi, wanda nake ta ɓoyo saboda irin wannan rana. Na ce, "Baba, rana ce take zagaya duniya."

Ya dube ni. Na riƙe numfashi ina jiran ya buga allo.

"Daidai. Zauna."

Na maimaita da ƙarfi, har maƙwabciya ta leƙo ta taga. Na ce ƙanƙara wuta ce, na ce wata ya fi rana girma. Ya gyaɗa kai kawai. Ba ni da sauran dabara. Ban san abin da zan yi ba, wallahi ban sani ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ba aji. Allin yana hannunsa, yana juya shi kamar bai san na mene ne ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Ban yi niyya ba. Ƙarfe takwas ta yi, na gan shi yana kallon allo, sai kawai na karɓi allin. Na zana rana a tsakiya, na kewaye ta da duniyoyi takwas, na nuna masa tamu ta uku da Zara ta biyu. Na haɗa batir da waya biyu, ƙwan ya kama, ya yi tafi. Ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Can sai ya ɗaga hannu.

"Malama."

Na ce, "Na'am."

"A yi mini izini in tafi gida. Ina da wata yarinya, ba ta jin magana, kuma gobe tana da jarrabawa."

Na ce, "Gama aikinka tukuna. Za ta jira ka."

Ya ce to, ya gyara zama.

Sai yanzu da nake rubutu na tuna yau ban tambaye shi ko ni wace ce ba. Alli ya kusa ƙarewa, gobe in na fita sayo zare zan haɗo da kwali guda.