'Yata na son saka sirrin garin adana wakenmu a intanet

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya taɓa adana wake a yankin Bagwai zai gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na yi wa boko sallama, shi ma bai riƙe ni ba.

A gidanmu muna da wani garin ganye da ake barbaɗa wa wake, ƙwari ba sa kusantarsa har wata kaka. Mahaifinmu kafin ya rasu ya sa ni da yayana muka dafa Alƙur'ani cewa haɗin ba zai fita gidan ba. To 'yata tana babban digiri a jami'a kan sinadarai, ta zo ta ce Baba ba ni garin nan kaɗan in sa a na'ura ta ɗauke shi. Ni na zaci hoto ne irin na katin zaɓe, har sabon gwangwani na nemo masa don ya fito da kyau.

Ashe na'urar haske take cilla masa, ta fitar da wani zane mai hawa da sauka kamar kunyoyin da makaho ya yi. Na yi dariya na ce wannan ne karatun da na sayar da bijimi saboda shi? Ta ce Baba, wanda ya iya karanta zanen nan zai san abin da ke cikin garin. Nan dariyar ta tsaya.

Yanzu malaminta ya ce ba za a karɓi aikin ba sai ta zuba zanen a wani rumbu na intanet, inda masana na duniya ke ajiye nasu kyauta kowa ya ɗiba. Na ce a'a. Ta ce ita ma da zanen mutane ta gwada ta gane namu, ta tambaye ni, wanda aka yi wa gayya a gonarsa, in ranar ta maƙwabci ta zo yakan ɓoye fartanya? Ta kuma tuna min yadda a wannan tsadar mutane ke zuba wa wake maganin feshi, yara su ci su kwana da ciwon ciki. Ni na koya wa yarinyar nan magana, ga shi ta ɗaure ni da ita.

Na je wa Yaya da batun, ya ce rantsuwa ba ta san intanet ba, ranar da zanen ya fita ranar za mu raba gandu, gonar da muke nomawa tare tun muna samari. Liman ya ce in yi kaffara, Yaya ya ce ai Liman ba shi ya dafa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, zanen yana cikin kwamfutarta, dannawa ɗaya ce, amma ta ce ba za ta taɓa ba sai na ce to da bakina. Da ta yi a ɓoye da na yi faɗa na huta. Jama'a, yayana zan rasa ko karatun 'yata? Yaya zan yi?