Notin da Aka Yi Don Ya Karye

Gangara, ranar Litinin

Zuwa ga Maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da abokan aikinka na haƙar zinariya. Yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau. Inna na sa maka albarka, Rahina kuma ta yi haƙora biyu, ni take gwada su a kai.

Na kira wayarka har na gaji, an ce ba rezo a wurinku, waya ba ta shiga, shi ya sa na ba direba wannan takarda. Maganar injin sussuka ce. Gero ya yi kyau bana, ƙanenka Sufyanu kuwa tun safe yake bisa tarakta har la'asar. Amma ka san shi da gaggawa. Dami biyu yake cusa wa injin a lokaci guda, har da masu danshi. Ƙaramin notin nan da ke haɗa sandar tarakta da injin ya karye sau huɗu, gwangwanin notunan da ka bar masa ya ƙare.

Jiya Audu mai walda ya kawo masa wani baƙin noti da ya ciro daga tsohuwar tirela. Ya ce wannan ko giwa ta taka ba zai karye ba. An ɗaura, aiki na tafiya, kowa na yabon Audu, ana kiran naka ƙarfen banza.

Ni kam hankalina bai kwanta ba. Na tuna ranar da nake tuƙa tuwo kana goge kayan aikinka, ka ce mini an yi notin nan ne don ya karye. Ka ce in wani abu ya sarƙe a ciki, shi zai mutu injin ya tsaya, in kuwa ya ƙi karyewa, to injin ne zai fashe ya watsa ƙarafa. Haka ka ce, ko kunnena ne? Na faɗa wa Sufyanu, ya yi dariya ya ce matarmu ta zama makanike, in koma wurin tukunyata. Abin da ke hana ni sukuni, Inna ce ke tsayawa a bakin injin da ƙwarya tana tarar tsaba, ta ƙi bar wa kowa. Don Allah ka aiko da amsa.

Taka har kullum,
Baturiya

Gangara, ranar Alhamis

Zuwa ga Maigidana,

Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya haƙuri da mu? Kwana goma ke nan ba amsa. Ban zarge ka ba, na san hanyar da nisa.

Na yi wani abu ba da izininka ba, ka yafe mini. Na tsinci guntun tsohon notin a ƙasan tarakta, na wanke shi da kalanzir. A kansa an buga 8.8. Na je kamar zan kai wa Sufyanu fura, na leƙa na Audu, shi kuwa 12.9 ne. Ashe zaman da na yi a lakol ina koyon boko bai tafi a banza ba.

Sai na ce wa Inna zan je Gazawa duba gwaggona. Na duba ta kuwa, don kada in yi ƙarya, amma daga can na wuce rumfar masu kayan inji da guntun a ƙulle a bakin zane. Mai rumfar, Mas'ud, ya zube mini notuna kamar gyaɗa. Shi ma baƙin ya miƙo mini, wai ya fi ƙarfi, wai in faɗa wa wanda ya aiko ni ya yi sa'a. Na ce ba wanda ya aiko ni, kuma ba mai ƙarfi nake nema ba. Na tsuguna ina gwada kauri da tsawo, ina duba lamba ɗaya bayan ɗaya, har na ware guda shida masu 8.8. Sai kallona yake yi kamar na zare.

Suna nan cikin kwallar da nake ajiye turare. Gobe in maza sun tafi masallacin Juma'a zan ɗauki sifanarka in canza. In ni ce ban fahimce ka ba, na ɓata wa mutane aiki ana tsakiyar kaka, da wane ido zan kalli Sufyanu? In kuma na bari, kullum na ji ƙarar injin sai in ga Inna a tsaye a bakinsa. Gara a yi mini dariya.

Ka sa ni a addu'a.

Matarka,
Baturiya

Gangara, ranar Laraba

Zuwa ga Maigidana,

Sallama da gaisuwa irin ta wadda ta matsu ta gan ka. Ina fata kana lafiya. Kafin komai, kowa lafiya, ka ji? Kowa.

Na canza shi ranar Juma'a kamar yadda na ce. Na ƙuje yatsa, amma na ɗaure shi tamau na shafa masa baƙin mai don kada a gane. Kwana uku ina zullumi, ba abin da ya faru.

Jiya da hantsi ana sussuka a gonar Baba Sale, ina gefe ina sheƙa, Inna na wurin da ta saba. Sai muka ji ƙas! Injin ya tsaya cak, sandar tarakta na ta juyawa ita kaɗai. Sufyanu ya diro yana faɗa, yana cewa ko na Audu ma bai tsira ba. Da ya buɗe murfin sai ya ga abin da ya faru. Ruwan gatari ne a sarƙe tsakanin haƙoran injin. Baba Sale ya soke shi cikin dami tun ranar ɗauri ya manta, sati uku yana nemansa. Audu da kansa ya zo ya duba, ya ce da nasa ne a ciki, da murfin nan ya tashi, kuma ta wajen Inna zai bi. Ita kuwa ko a jikinta, tambaya take yi me ya sa aka tsaya ƙwaryarta ba ta cika ba. Ni kuwa na zauna cikin ƙaiƙayi ina kuka, mata na tambayata ko kunama ce.

Sufyanu ya tsinci kan notin, ya goge shi da bakin riga, ya daɗe yana kallon lambar. Ya kalli yatsana mai tsumma. Ya ajiye kan notin kusa da ni ya wuce.

Yau da safe ya yi sallama a ƙofar ɗakina, kansa a ƙasa. Ba tsokana, ba matarmu. Ya kira ni da Yaya, ya tambaya ko akwai saura. Na buɗe kwalla na ba shi ɗaya, na ce sauran suna wurina, kuma dami ɗai-ɗai za a riƙa sawa. Ya ce to.

Ga rabin notin nan na naɗe maka a cikin takardar, ɗaya rabin na riƙe. Ka dawo, Maigida. Inna na nan tana jiranka da ƙafafunta.

Taka mai kewarka,
Baturiya