Sunan Ɗan Fari

Zuwa ga ƙanwata Nusaiba, Tozai.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da Baffa da Inna. Jami'armu ta sauya tsari. Yanzu ƙarin albashi ba daɗewa a aiki ke kawo shi ba, sai an auna ƙwazon malami an ba shi maki. Kwamiti zai zo gida ya ji ko rigakafin shanun da na yi bara da ɗalibaina ya amfani jama'a. Baffa ne shugaban makiyaya, shi za su tambaya. Gaskiya kawai zai faɗa.

Yayanki, Abdulrasheed.

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Ashe boko har ya mantar da kai cewa kai ne ɗan fari? Mutumin da tun haihuwarka bai taɓa kiran sunanka ba, shi ka aiko ya yabe ka gaban baƙi?

'Yan kwamitin sun zo. An yanka musu rago, Inna ta dama fura. Da suka tambayi aikin Dakta Abdulrasheed, Baffa ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da sanda, ya ce, "Yaron ga? Ban san mi yay yi ba. Allah dai ya tsare shanu." Suka rubuta, suka yi godiya, suka kama hanyar garin Isa.

A huta lafiya. Nusaiba.

Nusaiba,

Ina gaisuwa. Ba maki kaɗai na rasa ba, ana zargin ƙarya na shirga, tunda uban da ya haife ni ma bai shaide ni ba. Da ƙyar suka yarda su dawo. Ki gaya masa kunyarsa ba za ta ciyar da jikokinsa ba.

Abdulrasheed.

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na karanta masa yadda ka rubuta, ban rage ba. Ranar bai ci tuwo ba.

Ran kasuwa suka dawo, suka same shi a kara, wurin cinikin shanu, cikin dillalai da sa'o'insa. Ya miƙe ya ce, "Abdulrasheed ɗana na. Shi yat tsai da ciwon ga." Dattawa suka kau da kai kamar rigarsa ce ta faɗi. Wallahi ni ma na so ƙasa ta tsage.

Tun ranar bai koma majalisa ba, wai mura. Jiya ya tambaye ni ko an ba yaron nan makin nasa.

Ƙanwarka, Nusaiba.

Nusaiba,

Ki gaishe su. An ba ni, har da ƙarin. Da Sallah za ni zo, in Allah ya yarda. Ki faɗa mini da wane ido za ni dube shi.

Yayanki.