Idanun Gwaggo

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba. Jirgin kaya zai juya gida yau, shi ne na ce bari in yi miki ɗan rubutu. Har yanzu an hana mu waya. Duk layukan sadarwa na sararin samaniyar nan na kwamfutoci ne, mu mutane sai takarda da biro.

Muna nan a bakin mashigi, babu komai sai duhu da taurari, mun jeru muna jiran abokan gaba. Jirginmu, Gwaggo, tana nan da tarinta da ciwon gwiwarta, amma ki ji abin alfahari: Majalisa, wato taron kwamfutocin nan da ke tsara mana yaƙi, ta sake sa mu a sahun gaba. Na san a ofishinta kike aiki, kin fi ni sanin ta, amma ki bar ni in cika bakina. Kwamfutocin jiragen yaƙin nan duka, ta kowane jirgi tana magana da ƴan'uwanta, suka haɗa kai suka auna, suka ce kaf rundunar nan babu mai ƙoshin lafiyar Gwaggo. Tsohuwar da ta girme ni! Har Amarya, sabon jirgin nan da ƴarki take ciki, a bayanmu take. Ranar da aka faɗa, kukunmu sai da ya taka rawa da ludayi a hannu.

Tun da direban jirgin kaya hannu da hannu zai ba ki, bari in gaya miki yadda muke yi. Kin san ƙananan idanun nan da ake mannawa a jikin bututu da bango, masu gaya wa kwamfuta inda ke ciwo. In jirgi ya cika ƙorafi, sai Majalisa ta ce ya tsufa, a kai shi a yanka, a watsa mutanensa. Mu kuwa nan ne gidanmu. To in bututu ya fara tsagewa, sai in ciro idon in manna shi a kan na kusa da shi mai lafiya, in bi mai ciwon da walda a tsanake. Ido yana kallon lafiyayye, kwamfuta tana murna, kowa ya huta. Duk tsohon bakanike ya san wannan, ba kaina farau ba.

Ki ce wa Baba ya daina hawa matakalar nan shi kaɗai. Ki gaishe shi sosai.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Baba yana amsawa. Gaisuwar ta isa haka, don raina a ɓace yake.

A tsaye na karanta takardarka a bakin ƙofa, ko jakata ban ajiye ba. Da na gama sai ga ni zaune a kan matakala. Kanka ɗaya kuwa? Har rawa kuke yi don an sa ku a gaba?

Bari in gaya maka abin da nake gani kullum. Ɗakin aikinmu a ƙarƙashin bene yake, sanyi kamar cikin firji, da rigar sanyi nake wuni. Aikina in zauna gaban allo in karanta hirar da kwamfutocinku suke yi da juna, in taƙaita wa manya. Ba ni da ikon taɓa komai. Kafin ku harba harsashi ɗaya, Majalisa ta riga ta yi yaƙin nan a cikin kanta sau dubbai, tana sauya wa jirage wuri, tana duba wanda ya mutu da wanda ya dawo. Sahun gaba ba lambar yabo ba ce, Auta. Wanda ta ga zai iya shan duka ba tare da ya fashe ba, shi take turawa, don na baya su sami damar harbi.

Babban karo yana tafe a mashigin nan, bai yi nisa ba. A lissafinta, Gwaggo za ta shiga gaba, ta sha duka, ta dawo tana ɗingishi. Na karanta wannan har na ji sanyi a raina, ina cewa ƙanina yana cikin jirgi mai ƙwari. Ashe da bututun ƙarya aka yi lissafin. Kai da ka san cikinta, ka gaya mini tsakaninka da Allah, bugu nawa za ta ɗauka?

In na kai maganar nan gaban Ogan ofishinmu, kotun soja ce, kai da kyaftin ɗinku da duk wanda ya taɓa riƙe maka fitila. Ba zan iya ba. Saboda haka kai za ka gyara. Ka mayar da kowane ido inda aka ciro shi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yanzu ciwon ya fito. Kwamfuta za ta gani, ta gaya wa sauran, a janye ku baya. In za a yanka Gwaggo a yanka ta, ƙarfe ce. Ni ƙani ɗaya gare ni.

Tun da safe Baba yake tambayata me ya sa na zuba masa gishiri a shayi. Ka ga abin da ka ja mini.

Yayarka

*

Yaya,

Salamu alaikum. Allah ya huci zuciyarki. Na ga faɗa, na kuma karɓa.

Kin tambaye ni bugu nawa. Na ɗauki fitila na bi cikinta tun daga ɗakin injin har wutsiya, ina shafa waldar da na yi da hannuna. Ɗaya, Yaya. In ya same ta a haƙarƙari, ɗaya ya isa. Ban taɓa tsayawa na haɗa su duka a kaina ba, kowane ciwo ranarsa daban nake ganinsa.

Na sami kyaftin a ɗakinsa. Na zayyana masa komai, ya ajiye kofinsa ya ce, "Sifana, in ka buɗe idanun nan, ka kashe gidan nan." Sifana suke ce mini a nan. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, in ban buɗe ba ma na kashe shi, har da mutanen ciki." Ya ce in yi abin da na ga ya dace, shi bai ji ba bai gani ba. Kuku ya daina yi mini magana. Kwano kawai yake dangwarar mini.

Amma akwai abin da ya dakatar da ni. Kafin in taɓa ido ko ɗaya, na zauna gaban kwamfutarmu na tambaye ta kamar da wasa, na ce, a ce Gwaggo ta kwanta ciwo, wa zai shiga gaba? Ko numfashi ban sauke ba ta ba ni amsa. Amarya.

Yaya, kin san da haka kika rubuto mini? Ke kike karanta hirarsu, ba yadda za a yi ki ce ba ki gani ba. Yarinyar nan a kafaɗata ta girma. Ni na raka ta ranar da ta sa kaki, hular ta yi mata yawa muna ta dariya. Yanzu ki ce in ja da baya in tura ta bakin wuta? Mu a nan duk mun ci zamaninmu. Na cikin Amarya yara ne, wasunsu ko gemu ba su fara ba.

Ban taɓa komai ba tukuna. Ina jiran amsarki.

Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. E, na sani. Tun kafin in ɗauki biro na sani.

Kada ka zaci ban yi kuka ba. A motar ma'aikata na yi shi, fuskata a jikin gilashi, matar da ke kusa da ni tana ta miƙo mini hankici. Ni na haife ta, ba sai ka tuna mini hula ba.

Amma ka saurare ni da kyau. Majalisa kullum tana ajiye shiri na biyu, na kuwa karanta shi har na haddace. Amarya sabuwa ce, jikinta ya ninka na Gwaggo kauri. In ita ce a gaba, a mafi yawan gwajin da aka yi tana dawowa. Ban ce duka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. In kuwa ku ne a gaba kuka fashe a bugun farko, sahun ya ɓalle, wa ke bayanku? Ita ce dai. Wutar za ta same su ba shiri, suna zaton akwai bango a gabansu. Ka ga ke nan ba ceton ta kake yi ba. Ku tafi ku duka, in rasa biyu.

Wallahi na tsani ɗakin nan yanzu. Ina zaune ina karanta yadda injuna ke jefa sunan jirginka da nata kamar masu wasan dara, abokan aikina suna gefe suna gardamar wa ya shanye madara. Jiya Oga ya tsaya a kaina ya ce, "Lafiya kuwa? Kin rame." Na ce masa mura ce.

Ba zaɓi nake yi tsakaninku ba, kada ka ɗora mini wannan. Gaskiya kawai nake so a ba injin nan, tun da rayukanku a hannunsa suke. Ka buɗe idanun, don Allah don Annabi. Kada ka jira wata takardar.

Yayarka

*

Kawuna na kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma ƙorafi. Ga jirginku can ina hango fitilunsa ta taga, amma takarda sai ta bi jirgin kaya ta zaga duniya kafin ta iso ka. Ko yaushe wannan za ta same ka, oho.

An mayar da ni ɗakin injin, Kawu! Yanzu ni ma hannuna baƙi ƙirin, farcena duk ya kakkarye, Umma in ta gani sai ta yi salati. Ana ta yi mana tsiya wai Amarya ta bar tsohuwa a gaba. Ku dai ku ci lokacinku.

Bari in ba ka labari, amma kada ka gaya wa Umma, ka san ta da tsoro. Amaryar nan kwalliya ce kawai. Sauri aka yi wajen ƙera ta. Babban bututun da ke sanyaya injin ya fara tsagewa tun a hanya, bangon da ke kusa da ɗakin makamai kuma yana gumi. Shugaban bakanikenmu ya rasa inda zai sa kansa, don in kwamfuta ta gani, sai a mayar da mu maƙera, mu zauna muna shara, a gama yaƙi ba mu ga komai ba. Sai na tuna dabarar nan da ka zana mini a bayan kwalin sabulu lokacin da ka zo hutu. Na ce masa, "Oga, ba ni fitila." Na ciro idon na manna a kan na kusa. Shiru kake ji, kwamfuta ta ce lafiya lau! Ya riƙe baki ya ce, "Ke jinin wa ce?" Na ce jinin Sifana na Gwaggo.

Yanzu duk yaran sun iya. Idanun da muka kawar sun fi a ƙirga da yatsu, waldar ce dai ba mu kai ka ba. In an gama ka zo ka duba mana.

A gaida kuku mai rawa.

Ƴarka

*

Yaya,

Salamu alaikum. A gurguje nake, ki yi haƙuri da rubutun.

Na yi yadda kika ce. Na mayar da idanun duka, Majalisa ta gani, an janye Gwaggo can ƙarshen sahu. Bayan an gama sai jirgin kaya ya miƙo mini takardar da na haɗo miki da wannan. Ki karanta ta a zaune.

Ɗazu Amarya ta shiga sahun gaba a madadinmu, ta nufi cikin mashigi. Kyaftin ya roƙi a ba shi layi, kwamfuta ta ce layi na Majalisa ne, maganar mutum sai ta biyo ta ofishinku.

Ki je wurin Oga. Ki ba shi takardun nan duka, ki fara da tawa ta farko. Kotu ta yi abin da za ta yi da ni. Ki yi gudu, Yaya.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na je. Ko takalmi ban sauya ba.

Oga ya karanta, ya sa aka tsayar da Majalisa, aka ba kowane jirgi umarni ya mayar da idanunsa. Ina tsaye allon ya dinga yin ja, jirgi bayan jirgi. Kusan rabin rundunar haka take. Za a zo a tafi da kai, ka shirya. Ni ma an karɓe katin ƙofata, an ce in zauna a gida.

An aika wa Amarya kira ta juyo. Har aka fitar da ni daga ɗakin ba ta amsa ba. Sun ce wani lokacin cikin mashigi yana haɗiye saƙo, wani lokacin kuma yana isa.

Baba bai sani ba, yana nan yana tambaya wai yaushe jikarsa za ta zo hutu.

Kafin su zo ɗaukarka, ka tsaya a taga. Ka fi ni kusa da ita. Duk abin da ka gani ka rubuto mini, kada ka rage komai.

Yayarka