Tayoyin Baba da zuwanki gida

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yar jaririyarmu da babanta. Allah Ya raya ta, Ya ƙara miki lafiya. Inna tana nan ƙalau, ta share ɗakinki har sau uku tun da kika ce za ki kawo mana jaririya ranar Asabar. A kan zuwan nan na rubuto, kuma Baba bai san na rubuto ba.

Yau kwana tara ke nan zazzaɓi ya kayar da Baba a wajen facinsa. Kin san halinmu, kowane zafin jiki maleriya ne, sai muka sayo magani a kemis. Ya shanye tas, ba sauƙi. Gaɓoɓinsa suka kumbura, yatsun da ke ɓalle taya daga ƙarfe suka kasa riƙe cokali, yana tafiya a duƙe kamar mai neman allura. Da ƙuraje suka feso masa, hankalina ya tashi, na ja shi asibiti yana ta faɗa.

Sau biyu aka gwada maleriya, babu. Likitar ta tambaya ko sauro na cizonsa, Baba ya ce shekara goma bai kwana babu gidan sauro ba. Sai ta tambayi sana'arsa, da inda yake ajiye tsoffin tayoyi. Yaya, nan take na tuna da gidanmu. Kin san tulin nan na bayan ɗakinki, wanda ya hana kowa taɓawa wai wata rana za su yi amfani. Likitar ta ce akwai sauro mai zanen fari a ƙafa, da rana yake cizo, a ruwan da ya kwanta cikin taya yake ƙyanƙyasa. Ta ɗebi jini, ta hana shi duk maganin ciwon jiki in ban da farasitamol, domin in zazzaɓin dengi ne, sauran na iya sa zubar jini. Kwana uku muna duba dasashinsa.

Jiya sakamako ya fito, cikungunya ce, wata cutar da sauron nan ke yaɗawa. Ta ce zai warke, ko da ciwon gaɓoɓin zai daɗe. Amma da na ambaci jaririyar wata guda, sai ta ajiye biro, ta ce kada a kawo ta gidan nan yanzu. Na leƙa tayoyin, ruwan cikinsu motsi yake yi da 'ya'yan sauro. Yau kuma Auta ya tashi da zazzaɓi.

Baba ya ce kada wanda ya gaya miki, jikarsa ta fari yake son gani. Ina jin tausayinsa har cikin raina, amma don Allah kada ki zo. Anjima zai kira ki ya ce ya warke sarai. Kada ki yarda, ni ce zan riƙe masa wayar.

Ki gaishe da surukarki da Kawu Dogo. Inna da Auta suna gaisuwa.

Taki ƙanwa,
Ƙarama