Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Townsville,
3 ga Nuwamba.

Zuwa ga matata Wasie,

Gaisuwa mai yawa da fatan kin isa tsibirinmu Badu lafiya. Yaya Mama da ƙafarta? Yaya shirin bikin buɗe dutsen tunawa na kabarin Baba? Ki gaya wa 'yan'uwa na aika da yadin da za a lulluɓe dutsen.

Bayan haka, ina rubuto miki ne raina a ɓace. Jiya Halloran, manajan kulob ɗinmu na ƙwallon kwando, ya kira ni ofishinsa. So suke su yi musayar ƙaninki da wani ɗan wasa, don kawai ya nemi kwana tara a Disamba ya zo bikin mahaifinsa. Wasa biyu zai rasa. Shekara shida yana rarraba wa ƙungiyar nan ƙwallo, har da yatsa a karye ya taɓa shiga fili, amma wasa biyu sun fi ƙarfinsu!

Kuma ni aka ba aikin auna zaɓin. Kin san dalili? Halloran ya ce, "Ephraim, kai ne ba za ka yi son kai ba. Kowa ya san ba kwa shiri. Shekara shida ban taɓa jin ka kama sunansa ba, ko a rahoto lamba huɗu kake rubutawa." Har da dafa min kafaɗa.

Wasie, ashe duk shekarun nan da nake kiyaye sunan surukina, muna kiran juna Tawi, wato suruki, kamar yadda aka koya mana, su gaba suke gani. Na buɗe baki in yi bayani, na kasa. Na rubuta wa kaina a littafina, har da lokacin: "Ka yi shiru, ƙarfe goma da kwata." Kin san halina.

Naki,
Ephraim.

10 ga Nuwamba.

Wasie tawa,

Ina fatan kuna lafiya, ruwa bai hana ku aiki ba. Na ji an gama sassaƙa dutsen, madalla.

Na yi kwana shida ina kallon hotunan wasanni. Zaɓi uku ne. Wata ƙungiyar yamma za ta ba mu wani Ba'amurke mai jifa daga nesa. Ta kudu za ta ba mu dogo, wanda gwiwarsa ta hagu ban yarda da ita ba. Na uku shi ne a bar Tawi inda yake.

Ba zan ɓoye miki ba, Ba'amurken ya fi shi jefa ƙwallo a kwando, nesa ba kusa ba. Na sake lissafin sau uku ko zan kama kaina da kuskure, ban kama ba. Har na fara tunanin ko Halloran ne mai gaskiya, ni ne zumunci ya rufe wa ido.

Sai na ɗauko tsofaffin littattafaina, waɗanda kike cewa sun cinye mana kabad. Duk lokacin da Tawi ya zauna a benci, ƙwallon da ake ƙwace mana yana ninkawa. Mutum huɗun da ke fili tare da shi kuwa, kowannensu ya fi ci idan yana nan. Shi ba ya jifa, sa wasu yake su yi jifa. Na sa wannan a shafi na bakwai.

Halloran ya karanta ya ce in cire shafin, wai zai rikita masu kulob. Ya ce, "Mutanen nan biki ba ya ƙare musu. Bana kabari, baɗi wani abu." Mutanen nan! A gabana, kamar ni daga duniyar wata aka jefo ni.

Tawi ya tare ni wajen atisaye yana dariya, ya ce, "Tawi, an ce kai ne mai sikeli. Kilo nawa na yi?" Na ce ya je ya gyara jifansa na hagu. Ya ce ko an sayar da shi ko ba a sayar ba, ranar sha takwas ga Disamba yana Badu. Na san da gaske yake. Abin da ke ci min rai shi ne idan suka tura shi yamma, sabuwar ƙungiya ba za ta sake shi ba, zai taho ba izini, wasansa ya ƙare ke nan.

Ban cire shafin ba tukuna. Ban kuma ce ba zan cire ba.

Mijinki,
Ephraim.

15 ga Nuwamba.

Wasie,

Ina gaishe ku duka. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki karanta wa Mama da ƙarfi.

An yi taron yau da safe, masu kulob bakwai da koci. Na raba musu rahoton da shafi na bakwai a ciki. Halloran ya ga shafin, fuskarsa ta yi ja, amma ya ci gaba. Awa guda yana magana: kadarar nan, lambar nan, ɗan tsibirin nan. Daga ƙarshe ya nuna ni ya ce, "Ku tambayi mijin yayarsa. Ko sunansa ba ya iya faɗa."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce musu a wurinmu wanda kake girmamawa ne ba ka kama sunansa. Na ce ni kunya ta hana ni, shi kuwa raini ne ya hana shi. Sannan na faɗi sunan, Wasie. Cikakke, har da na Baba. Sau biyu. Na ce su buɗe shafi na bakwai su ga abin da mai wannan suna yake yi musu.

Suka buɗe. Koci ya ce shi ma abin da ya daɗe yana faɗa ke nan, ko da yake ban taɓa jin ya faɗa ba. Biyar suka ce a bar shi, biyu suka ƙi. An ba shi kwana bakwai, ba tara ba. Ni kuma Halloran ya ce daga yau rahoto ya bar hannuna, in koma kula da riguna da ƙwallaye. Na duba zuciyata sau uku, ban sami nadama ba, abin har ya ba ni mamaki.

Sai dai ƙofar ba a rufe take ba. Ina fitowa na tarar da Tawi zaune a baranda. Ya ce, "A gaban Turawa tara, Tawi? Sau biyu?" Ya yi dariya har da hawaye, ko da yake ban tabbata duk na dariya ne ba. Ya ce ni zan ɗauko duwatsun murhun ƙasa na gashin nama ranar biki, ni kaɗai.

Wannan hukuncin da shi ya yanke min ke nan. Ke ki tambayar min Mama a hankali me ake bayarwa idan suruki ya yi irin wannan suɓutar baki, in taho da abin ranar sha shida ga Disamba. Ki gaya mata ba zan sake ba. Kin ga ko a takardar nan ban rubuta shi ba.

Naki har kullum,
Ephraim.