Muryar Baba da Naziru Ya Yanke

Filinge, 14 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Mainasara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zuwaira da yara. Allah ya tsare ku a can Abijan. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke taɓa ta. Ruwa ya sauka, kowa na shuka, ban da mu.

Yaya, gonar Baba ta hanyar Sanam ta tafi, alƙali ya ba da ita ga su Ɗangoma, waɗanda muke shari'a da su a kanta. Ka san hujjarmu ɗaya ce: maganar da na ɗauka a wayata kafin Baba ya rasu, inda ya faɗi iyakokin gonar. Na damƙa wayar ga Naziru ɗan Kawu Ibrah, lauyanmu na gida, wanda Inna ta goya. Na ce wa zai riƙe mana amana kamarsa?

Ka san Baba, ba ya shiga magana sai ya gaida kowa. A farkon maganar, ya kira dattawan da ke zaune ɗaya ɗaya da sunansu, ya faɗi ranar, sannan ya rantse da iskokin gidanmu. Wannan ne Naziru ya yanke, a cikin wayar kanta, bai ajiye ta asali ko'ina ba. Lauyan su Ɗangoma ya nuna an taɓa maganar, ba rana, ba shaidu, alƙali ya ƙi karɓa.

Da na tsare shi, ya ce wai ya rage wa kotu surutu ne, kuma bai san yankan zai shafe ta farko ba. Lauya guda! In bai iya ba, me ya hana shi tambayar wanda ya iya? Da na matsa, sai ya ce ba zai tsaya gaban manya a ji kawunsa na kiran iskoki ba. Kunyarmu ya ji, Yaya. Wannan ya fi gonar yi mini ciwo.

Akwai abin da na ɓoye maka, ina jira ka zo ka ji da kunnenka. A cikin gaisuwar nan Baba ya kira sunanka, ya ce ya yafe maka tafiyar da ka yi ba sallama. Yanzu sai dai ka yarda da bakina.

Inna da Hawa da Magagi suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Lantana